Hoton da Na Ɗauka a Burmi

Ranar 27 ga Yulin 1903 sojojin Ingila suka auka wa Burmi, kusa da Bajoga a jihar Gombe ta yau. A nan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan waɗanda suka biyo shi hijira bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris. Jagoran Turawa, Manjo Marsh, shi ma a nan ya kwanta dama. Waɗanda suka tsira suka nausa gabas, ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, bai tsaya ba sai Sudan.

Da wannan labari a raina na rataya kyamara na tafi, ina tsammanin in tarar da kufai. Damina ce. Sai ga shuka kore shar, ga manomi duƙe da fartanya, ga yara suna kora awaki. Na ga kamar sun ɓata mini wurin. Na ɗauki hoton, na dawo gida na yanke manomin da yaran a kwamfuta, na mayar da shi baƙi da fari, na ƙara wa hadari duhu. A ƙasansa na rubuta cewa tun ranar yaƙin kowa ya ƙaurace wa filin. Ƙarya na yi, kuma ina sane, amma yabon da hoton ya sha ya rufe mini ido.

Da na koma, na nuna wa dattijon da ya yi mini jagora. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ina gonar? Mu da muke kai baƙi kabarin Sarkin Musulmi, ina ka kai mu?" Na ce, "Baba, don ya yi kyau ne." Bai tanka ba, ya miƙo mini wayata.

A hanyar dawowa na tuna abin da ya hana ni barci. Ba ni na fara kai kyamara Burmi ba. Bayan yaƙin, Turawa sun sare kan Attahiru, suka ɗauki hotonsa suka yaɗa, don duk mai sauran fata ya san an gama. Niyyata ba tasu ba ce, Allah shaida, amma hotona abin da nasu ya faɗa shi ya maimaita: wai ba wanda ya saura. Alhali alamar yaƙin da ta fi kowace ƙarfi a wurin ita ce mutanen da ke riƙe da labarin, suna nuna inda aka faɗi da inda aka binne. Su kuwa na cire.

Na janye hoton, na bayyana abin da na yi masa. Na sake komawa na nemi izinin manomin, ya yarda, na ɗauke shi tsaye a gonarsa, da launin da Allah ya yi wa wurin.