Ƙafar da Ta Iya Tsuguno

Mu da aka yanke wa ƙafa ƙasa da gwiwa, likitoci kan ce mun auna arziki tunda gwiwar tana nan. Gaskiyarsu ne. Amma idon sawu ya tafi, kuma sai da ya tafi muka san yawan aikin da yake yi mana.

Ƙafar robar da aka fi bai wa irinmu ita ce SACH, wadda aka ƙera a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950. Katako ne a cikinta, diddigenta na roba mai laushi, idon sawunta kuwa ko kaɗan ba ya motsi. Tana da araha da ƙarko, ba ma raina ta. Sai dai an yi ta ne don mai yini cikin takalmi sau-ciki yana zaune kan kujera, har tsayin dunduniyar takalmin an sa a lissafi. Da mun tuɓe takalmi a ƙofar masallaci, sai mu ji kamar ana jan mu ta baya. Tsuguno a bakin murhu ko a makewayi kuwa, sai dai mu miƙe ƙafar gefe guda. Da yawanmu kan kujera suke sallah.

Irin wannan matsalar ce likitan ƙashi P. K. Sethi ya gani a birnin Jaipur na Indiya, inda manoma ke ajiye ƙafar Turawa su koma dogara sanda. Shi da wani gwanin sana'ar hannu, Ram Chandra Sharma, suka fito da tasu a 1968. Suka cire dogon katakon da ke ƙage ƙafar, suka sa gutsattsarin roba mai laushi da ɗan katako a idon sawu, suka lulluɓe da roba irin ta taya, suka gasa. Ƙafar tana lanƙwasa gaba, tana karkata gefe, tana ɗan murɗawa. Da ita ana tsugunawa, ana harɗe ƙafafu a ƙasa, ana shiga caɓin gonar shinkafa ba takalmi. Masu kallon finafinan Indiya za su tuna Sudha Chandran a Nache Mayuri na 1986. Da irin wannan ƙafar ta yi rawar nan.

Ita ma tana da nata aibin. Ta fi nauyi, kuma da yake aikin hannu ce, ingancinta ya danganta da wanda ya yi ta. Abin da ya burge mu shi ne tambayar da maƙeranta suka fara yi: yaya wannan mutumin yake zama a gidansu?

In da za a yi mana ita a nan, amsarmu a shirye take. Muna son ƙafar da ruwan alwala ba ya lalatawa, wadda zafin rairayin watan Afrilu ba ya tsattsaga ta, mai tsaga tsakanin babban yatsa da na kusa da shi don silifas ya zauna, wadda kuma za ta bar mu mu yi zaman tahiya a sahu kamar kowa.