Tisha Ba'ab: Ranar Makokin Yahudawa da Shekarar 1492

A ranar tara ga watan Ab, wadda kan faɗo a Yuli ko Agusta, Yahudawa sukan yi azumin kusan awa 25. Sukan tuɓe takalman fata, su zauna a ƙasa, su karanta Littafin Makoki. Suna juyayin Haikalin birnin Ƙudus ne, wanda Babilawa suka rushe a ƙarni na shida kafin Miladiyya, Rumawa kuma suka rushe na biyu a shekara ta 70. Da tafiya ta yi nisa, sai ranar ta haɗa sauran musibun da suka biyo baya, ciki har da korar da aka yi musu daga Sifen a 1492.

Wannan shekara ta cancanci dogon nazari. A cikinta Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi. Sarki Fadinan da Sarauniya Izabela suka ce Bayahude ya karɓi Kiristanci ko ya bar ƙasar. Ba a jima ba wutar ta kai gemun Musulmi: aka tilasta musu barin addininsu, a 1609 kuma aka fara korar jikokinsu. Sarkin Daular Usmaniyya Bayazidu na biyu shi ya buɗe wa Yahudawan ƙofa.

Amma a wannan zamanin ne kuma, a Tuwat cikin Sahara, Shehu Magili ya sa aka rushe majami'ar Yahudawan Tamantit, duk da cewa alƙalin yankin, Asnuni, bai yarda ba. Shi ne malamin da ya zo Kano ya rubuta wa Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki. Ɗalibin tarihi mai adalci ba zai riƙe labarin Bayazidu ya jefar da wannan ba.

Har yau ba ta sauya zane ba. An yi wa Yazidawa kisan kiyashi a Sinjar a 2014. Fiye da Rohingya 700,000 suka tsere daga Myanmar tun 2017. An kashe mutum 11 a majami'ar Pittsburgh a 2018, da 51 a masallatan Christchurch a 2019.

Malaman Talmud sun ce ƙiyayya marar dalili tsakanin Yahudawan kansu ita ta jawo rushewar Haikali na biyu. Wato mai makoki ya fara da binciken zuciyarsa. Al'ummar da ke tuna zaluncin da aka yi mata kaɗai, tana iya aikata irinsa ga maƙwabcinta ranar da ƙarfi ya dawo hannunta.