Yini Guda A Bakin Ruwan Tiga Tare Da Mahaifina

Ya ɗan'uwa mai karatu, ina so in ba ka labarin wata 'yar gajeriyar tafiya da na yi, wadda na ɗauka yawon buɗe ido ce kawai, ashe bashi ne na je biya.

Shekara uku ke nan mahaifina yana roƙona in kai shi Tiga, ni kuwa kullum sai in ce masa, "Baba, a bari sai na sami sarari." Sai da yana ta fara rufe masa ido, har ya daina gane fuskokin jikokinsa daga nesa, sa'annan tsoro ya kama ni. Ran wata Asabar da hantsi muka tashi daga Rano, muka bi ta Rurum, garin nan mai manyan duwatsu, ba mu yi awa guda ba sai ga ruwa shimfiɗe iyakar ganinka.

An gina wannan madatsa a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. An gina ta ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, kuma da shi ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, inda shinkafa da alkama da tumatir ke fitowa. Ina cikin zayyana wa Baba wannan, ina jin kaina masani, sai ya ɗaga hannu ya nuna tsakiyar ruwan.

Ya ce, "Kai ka karanta, ni kuwa da ƙafata na taka ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan nan. Can ƙauyenmu yake kafin a tashe mu, can kuma muka binne kakarka."

Wallahi ban taɓa sani ba, domin ban taɓa tambaya ba. Na mayar da wayata aljihu, muka tsaya muka yi mata addu'a, masunta na wucewa a kwalekwalensu ta saman makwancinta ba su sani ba.

Bayan azahar muka zauna wurin wata mai suyar kifi. Ta zubo mana ƙarfasa da tarwaɗa da zafinsu, ta barbaɗa yaji, ta yanka albasa, muka haɗa da gurasar da muka yi guzuri. Ta ce, "Baba, ga gyara." Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, 'yata." Na lura yana lalube, sai na shiga cire masa ƙaya ina miƙa masa tsoka, kamar yadda ya yi mini ina yaro. Ya ci, ya yi murmushi, ya ce ruwan da ya cinye musu gona ga shi yau yana ciyar da shi, don haka ba ya riƙe da kowa.

Haƙiƙa da na ƙara jinkiri, da sai dai ya ji ƙarar ruwan nan bai gan shi ba, ko kuwa ya tafi da labarin a cikinsa. Idan akwai dattijo a gidanku da ke ambaton wani wuri, ɗan'uwa, kada ka jira sarari. Ka kai shi, ka kuma yi shiru ka saurara.

Wassalam.