Albashi Ya Ƙaru, Gida Bai Huta Ba

Ku matso kusa, 'yan majalisar hira, maganar nan tsakaninmu ce. Tun da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, wa zai bugi ƙirji a cikinmu ya ce gidansa ya samu sauƙi? Iyayenmu ma sun ga irin wannan a 1974, lokacin ƙarin albashin da ake kira kuɗin Udoji: albashi ya hau, kasuwa ta bi shi da gudu.

Abu biyu muke cakuɗawa. Tsadar rayuwa ita ce abin da ke fita daga aljihunka kafin ka ci, ka biya haya, ka hau A Daidaita Sahu. Wannan kam kowa ya ji a jikinsa tun 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, daga baya ta haura dubu. Ingancin rayuwa kuwa shi ne abin da ke dawo maka: ruwa a famfo, wuta da daddare, likita a kusa, makarantar da yaro zai fito ya iya karatu, barci ba fargaba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a wajenmu rashin na biyun ne ke ƙara hura na farkon. Famfo ya kafe, sai ka kira ɗan ga-ruwa da kurarsa. An ɗauke wuta, sai fetur a janareta, in da hali sola. Aji ya cika maƙil a makarantar gwamnati, sai uwargida ta shiga adashe don biyan makarantar kuɗi. Ga kuɗin 'yan sintiri duk wata, ga maganin da aka rubuta maka a asibiti ka je kemis ka saya. Wallahi duk abin da hukuma ta gaza yi, aljihun magidanci ne ke biya.

Don haka ko buhun masara ya sauko a kasuwar Dawanau, mu gode wa Allah, amma kada a ce mana an gama. Idan masu neman ƙuri'a suka zo da taliya da atamfa, ku tambaye su yaushe famfon unguwarmu zai kawo ruwa.