Kai! Ashe Makaho Ne Ke Wannan Kiɗa!

Jama'a, ku tsaya! Ku tsaya ku ji abin da ya hana ni barci daren jiya.

Kun san waƙar nan ta Turanci, "I Just Called to Say I Love You"? Wadda tun muna yara muke ji a rediyo? Shekara da shekaru ina bin ta da gunguni, ko sau ɗaya ban taɓa tambayar mai ita ba.

Jiya bayan sallar isha'i ƙanena ya miƙo min waya. "Yaya, kalli wannan."

Wani mutum ne zaune gaban fiyano. Baƙin tabarau. Kitso har kafaɗa. Kai yana lilo dama da hagu, murmushi har kunne. Ga yatsu! Yatsun nan zuba suke a kan fiyano kamar ruwan Agusta a kan rufin kwano.

Na ce, "Wannan ko kallon hannunsa ba ya yi?"

Yaron ya fashe da dariya. "Da wane idon, Yaya? Stevie Wonder ne fa. Makaho ne."

Makaho! Na ce maimaita. Ya maimaita. Na ƙwace wayar. Har ɗayan dare ban mayar masa ba.

An haife shi a 1950 a garin Saginaw na jihar Mishigan, can Amurka, watannin haihuwarsa ba su cika ba. Aka sa shi a kwalbar jarirai, a nan ido ya tafi. Tun yana tsumma! Bai taɓa ganin fiyanon da yake kaɗawa ba, balle ya ga wane maɓalli ne fari, wane ne baƙi.

Amma yana ɗan shekara 11 kamfanin Motown ya ɗauke shi. A 1963, yana da shekara 13, waƙarsa "Fingertips" ta haye kan duk waƙoƙin Amurka. Sha uku! Ni a wannan shekarun langa nake yi a ƙofar gida.

Sai na faɗa kan "Superstition" ta 1972. Wayyo! Ganguna suka fara, tas, tas. Sai wani ɗan'uwan fiyano mai lantarki ya shigo yana tsalle kamar gyaɗa a kasko. Ƙafata ta soma buga ƙasa ba da izinina ba. Na ce makaɗa nawa aka tara? Ashe mai ganga shi ne. Mai fiyanon shi ne. Murya tasa. Masu busa ƙaho kawai aka gayyato. Mutum ɗaya, jama'a, mutum ɗaya!

Wadda ta gama da ni kuwa ita ce "Isn't She Lovely", a faifansa na 1976. Da kukan jariri take buɗewa. Kukan gaske! Can gaba sai ka ji fantsamar ruwa, uba yana wa 'yarsa wanka, tana gwaranci. Kun san sunan yarinyar? A'isha! Wallahi A'isha, sunan ƙanwata, sunan da ba a rasa shi a kowane layi na unguwarmu. Uba yana yabon kyan 'yar da bai taɓa gani ba. Nan na ajiye wayar na share ido.

Ina cewa ya ƙare, ashe da saura.

A 1973 ya yi mummunan haɗarin mota, kwana huɗu bai san inda kansa yake ba. Ya tashi ya koma bakin fiyano. Lambar Grammy ta gwarzon faifan shekara, sau uku ya ɗauke ta: 1974, 1975, 1977. Ta ukun ma tana zuwa yana Legas, inda ya zo bikin FESTAC! Nan ƙasar! Jimillar Grammy ɗinsa 25.

Waƙarsa "Happy Birthday" fa? Na ɗauka ta yanka kek ce kawai. Ashe don Martin Luther King ya yi ta a 1980, yana neman a ware ranar hutu da sunansa. Aka kuwa sa hannu a dokar a 1983.

Ita kuma waccan ta rediyon, ta ciyo masa lambar Oscar a 1985. Ya tsaya gaban duniya ya sadaukar da ita ga Nelson Mandela, lokacin yana kurkuku. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta fusata, aka hana sa waƙoƙinsa a gidan rediyonta. Kai!

A 2024, ranar da ya cika shekara 74, Gana ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a Akara. Maƙwabcinmu ne yanzu!

Rashin sani ya fi dare duhu. Ga ni da ido biyu garau, ashe ni ne a duhun.

Don Allah, yau da dare ka nemi waƙar A'ishan nan. Doguwar, mai wankan. Ka rufe ido kafin ka kunna.