Mun bi gulbi da ƙafa, daga Jiratawa har Tsibiri

Macen Maraɗi ba baƙuwar tafiya ba ce. Mun je rijiya, mun kai abinci gona, mun je biki da suna da gaisuwar mutuwa, wasunmu sun sha ɗaukar talla daga Bagalam ko Mokoyo har babbar kasuwa ran Litinin da Juma'a. Sai dai kowace tafiya da kaya a kai, ko goyo a baya, ko sauri a zuci. Amma a ce mace ta fita don kawai ta ga ƙasa, ta zauna gindin itace ta dubi inda ta fito, wannan a wurinmu aikin Nasara ne. Su ne a da, lokacin da hanya ke lafiya, suke biyan kuɗi masu yawa su sauka Agadas, Buzaye su yi musu jagora cikin duwatsun Abzin, raƙuma na ɗauke da kayansu. Suna hawa Bagzan, wanda tsayinsa ya haura mita 2,000, su gangara Timiya inda ruwa ke zubowa daga dutse kusa da garake na lemu da rumman, dare ya yi su kwana a fili.

Mu ba mu da Bagzan. Abin da Allah ya ba mu shi ne kwarin gulbi, ga shi nan ƙarƙashin gari, kullum muna hangensa, amma da aka tambaya a ƙungiyarmu sai ga shi mata da yawa ba su taɓa bin sa da ƙafa ba ko na awa guda. Shi ya sa a watan Disamba, bayan rabon asusu, mu 14 muka yi fita biyu: ɗaya ta wuni zuwa Jiratawa, ɗaya ta kwana zuwa Tsibiri.

Bari mu fara da maganar kuɗi, don ita ce ta fi cin lokaci. Wasu sun ce a ɗiba daga asusun taimako, tunda bana ba a taɓa shi sosai ba. Ma'ajinmu ta ƙi, kuma gaskiyarta. Kuɗin nan na ranar haihuwa ne, da ciwo, da gobara. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a jihar nan tamu a 1991, wanda yau ƙasashe da yawa suka kwafa, abin da ya riƙe shi shi ne akwati ba ya buɗuwa sai don abin da aka yi yarjejeniya a kai. Ranar da aka buɗe shi don yawo, gobe za a buɗe shi don anko. Sai muka yi zubi dabam, dala 100 kowace mace a mako, har mako huɗu, ya kama jaka 2 ke nan. Wadda ba ta so ba a tilasta mata ba. Kowa kuma ta nemi izini a gida da kanta. Yayan shugabarmu, dattijo ne da ya yi kiwo a ƙuruciya, ya yarda ya raka mu tare da wani saurayi, ɗan ɗaya daga cikinmu. Wannan ya kwantar da hankalin mazaje da dama.

Gulbin nan ba namu ba ne mu kaɗai. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarumfa, ya wuce Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri, ya karkata yamma ta Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Najeriya ya haɗe da gulbin Rima mai bi ta Sakkwato. Da damina kaɗai yake gudu. Tun da aka gina madatsar Jibiya, manoman fadama ke kukan cewa ruwa ba ya malala ya daɗe kamar da. Da rani kuwa yashi ne zalla, fari fat, kamar an share hanya.

Ranar Jiratawa mun fita ana idar da sallar Asuba, sanyi na yanka kunne. Tun a bakin gari, inda tudu ke gangarawa kwari, muka tsaya kallon kwazazzabai. Ƴan uwa, wannan abin a je a gani ne. Ruwan da ke taruwa a titunan gari, idan ya zo gangara, da ƙarfi yake faɗawa, kowace shekara yana ƙara cin ƙasa. Akwai inda muka shiga ciki, gaɓa ta fi tsawon mutum biyu, ana ganin ƙasa hawa-hawa, ja a sama, fara a ƙasa, saiwoyin itace a waje suna lilo. Saurayin da ke tare da mu ya nuna mana hoton wani kwazazzabo na Amurka a salularsa, wanda kogi ya haƙa har zurfinsa ya wuce kilomita guda. Ɗaya daga cikin manyanmu ta duba ta ce, "To ai ɗiyana, wannan yayan namu ne, uwa ɗaya ta haihe su." Sai dai namu babu mai zuwa ɗaukarsa hoto, gidajen mutane yake ci. Wadda ta ga abin da ruwan ƙarshen Agusta na 2024 ya yi a garin nan ba sai an yi mata bayani ba.

Mun ɗan taɓa tafiya cikin yashin gulbi don marmari, sa'an nan muka hau gefe. Yashi yana cin ƙarfi, taki ɗaya a ciki kamar uku ne a tudu, ga masu amalanke da manyan motoci suna ɗibar na gini. Hanyar manoma da ke bin gaɓa ta fi. Takalmi kuma sai rufaffe, ko da na ɗanki ne na lekol, don ƙarangiya ba ta san hajiya ba. Kowace mace ta ɗauki ruwa lita 3, ga dabino da ƙuli-ƙuli a ƙullin zane. Jagoranmu ya kafa mana doka ɗaya: mai rauni ita ce gaba, sauran su bi takinta. Ya ce haka ake kora garke in ana so a kai gida da kowa.

A hanya gawo ya fi komai burge mu. Ita ce itaciyar da ke zubar da ganye da damina, lokacin da kowa ke kore, sai rani ya shigo ta yi ganye shar. Shi ya sa manomi ba ya sare ta: ba ta tare wa hatsi rana, ganyenta taki ne, ƴaƴanta abincin awaki. Ƙarƙashin wata babba muka sha fura wajen ƙarfe tara, muka miƙe ƙafa.

Tsakanin Maraɗi da Jiratawa wajen kilomita 10 ne, amma da tsaye-tsayenmu sai da hantsi ya yi sosai muka isa. Ido ne ya fara sanar da mu, don daga launin kara da ƙura sai kawai ga kore har iyakar gani. Filin noman rani ne da aka shirya tun farkon shekarun 1980, hekta 500 da ɗoriya, injuna masu aiki da lantarki na jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa suna zubawa a magudanai na siminti. Ga zogale, ga yajin yawo, ga tattasai da albasa da masara. Zogalen da muke saye ƙulli-ƙulli a cikin gari, a nan buhu-buhu ake cika shi. Mun zauna da matan da ke tsinkar ganye, muka sa hannu muna taya su, hira ta yi daɗi. Sun ce wahalarsu biyu ce: kuɗin wutar injin, da ranar da ganye ya yi yawa farashi ya faɗi, tunda ɗanyen zogale ba ya jiran kowa. Nan take mata biyu daga cikinmu, masu dambu da kwaɗo, suka karɓi lambar waya. Yanzu kai tsaye ake aiko musu, ba ta hannun dillali ba. Ba don wannan muka fita ba, amma ɗiyar kasuwa ko a masallaci idonta na kan ciniki. Bayan Azahar muka koma gida cikin adaidaita, don babu wadda ta ce sai an je an dawo da ƙafa.

Fita ta biyu ta fi nauyi, tunda da kwana. Tsibiri, wanda ake rubutawa Tibiri a allon hanya, kilomita 12 ne ko kusa da haka daga Maraɗi. Mun yi hayar amalanke ya ɗauki tabarmi da barguna da sange da bido biyu na ruwa da tukunya. Goggonmu mai ciwon gwiwa ita ma a kansa ta yi rabin hanya, ba kunya a ciki. Masu hawan jini da ciwon suga sun je likita tun kafin ranar, kowa ta zo da maganinta a jaka. Muka bi gefen fadama ta wajen ƙauyukan Sura, cikin inuwar mangwaro, muna gaisawa da masu ban ruwa.

Duk wadda ta bi kwarin nan da ƙafa za ta fahimci tarihin garuruwan biyu fiye da yadda ake ba da shi a zaune. Da jihadi ya kori sarakunan Katsina na Haɓe, nan suka fake, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri. A lokacin kwarin kurmi ne mai duhu, ga ruwa kusa, ga wurin ɓuya daga mahaya. Amma abin da ya tsare su daga maƙiyi bai tsare su daga gulbi ba. A 1945 ruwa ya ci tsohon Maraɗi da tsohon Tsibiri, dole aka hau tudu aka sake gini. Shi ya sa titunan Tsibiri suke a miƙe, suna fitowa daga filin fadar Sarkin Gobir kamar an ja su da igiya. Mun tsaya a filin muka huta. Shugabarmu ta tuna mana cewa a Gobir akwai sarautar Inna, a Maraɗi kuma Iya, mata ne daga gidan sarauta waɗanda tun da can al'amuran mata ke bi ta hannunsu. Ta ce wanda ke ganin shugabancin mace baƙon abu ne da Turawa suka kawo, a turo shi nan.

Wajen kwana, wasu ƴan matanmu sun so a shimfiɗa cikin yashin gulbi, wai ya fi laushi. Jagora ya ce, "A'a, ƴaƴana, ba a kwana hanyar ruwa." Aka ce masa ai Disamba ne, ina ruwa? Ya ce ya sani, amma wanda ya saba da rani zai yi da bazara. Ruwa na iya sauka can wajen Katsina alhali nan taurari ne tar, cikin dare sai dai ka ji ruri. Ko a Abzin, in ji shi, matafiyi ba ya sauke kaya a tsakiyar kwari in damina ta kusa. Ban da haka sanyi a kwari yake kwanciya, kuma shanu da amalanke ta nan suke bi da duhu. Saboda haka muka fara zuwa gaida mai unguwa da goro, muka faɗi ko su wa ne mu, sa'an nan muka sauka a kan tudu, bakin garkar dangin ɗaya daga cikinmu, inda ko tari muka yi gidaje za su ji.

An share fili kafin a hura wuta, don kara da busasshiyar ciyawa ba su da wasa cikin iskar hunturu. An dafa shinkafa da wake, aka ɗora shayi. Bayan Isha'i aka kashe tocila duka. Yawancinmu rabonmu da ganin Kaza da ƴaƴanta sosai tun muna yara a ƙauye, sai ga ta bisa kanmu. Aka yi ta tatsuniya da labarin kakanni har sanyi ya kora kowa cikin bargo. Sanyin asuba kam ba a magana, wadda ta zo da bargo ɗaya sai da ta raɓu da maƙwabciya. Da safe kowa ta kakkaɓe takalminta kafin ta sa, saboda kunama. Muka zuba ruwa a toka, muka tsince leda har da wadda ba mu muka yar ba, muka yi wa masu garka godiya.

Yanzu wasu na cewa sai Madarumfa, a ga tafki, a ziyarci kaburburan waliyyai da ke kewaye da shi. Muna so mu ma. Amma kudu ba kamar nan ba ce, kowa ya san halin da ƙauyukan bakin iyaka da dajin Baban Rafi ke ciki da ɓarayin daji. In za a je, a mota za a je, da rana, bayan an tambayi hukuma da mutanen wurin, kuma babu maganar kwana a fili. Ƙungiyar da ke son gwada irin tamu ta yi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da Maris ya shigo zafi ya fara haura digiri 40, tafiyar wuni ta zama neman ciwo.

Cikin jaka 28 da muka tara, adaidaita da amalanke da abinci da goro sun ci 24 da rabi. Jaka 3 da rabi da suka rage suna hannun ma'aji, a ƙulli dabam, ba cikin akwati ba. Ran Alhamis za a yanke ko a sayi sange biyu na ƙungiya da su, ko a bar su su jira tafiya ta gaba.