Bashin Bahabashe

Jama'a, ga abin da ya same ni a Jidda. Na ci riyal 400 na abokin dakona, wani Bahabashe Kirista, ɗan ikilisiyar Mekane Yesus, mabiya Luther. Wata shida ina ɓuya. Ran da muka yi kiciɓis a Bab Makka, ya ce ya yafe. Na ce, "Ɗan'uwa, da me zan saka maka?" Ya ce a koyarwarsu gafarar Allah alheri ce, da bangaskiya ake karɓarta, aiki ba ya sayenta.

Ni Musulmi ne, amma kunya ta rufe ni, don shekara uku ina gaba da ƙanena na Kumasi kan kuɗin da bai kai wannan ba. A daren na rubuta masa takarda. Wassalam.